Kalmar Da Na Ara Wa Ummaru

Shekara goma sha biyu ke nan cif da muka kai Malam Ummaru makwancinsa a Gulma, da hantsi, ƙasa tana jiƙe da ruwan damina. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa. In ɗauki biro, in rubuta "Allah ya jiƙan maza," in zauna ina kallon takarda har shayina ya huce. Ba rashin abin faɗi ba ne. Ni malamin Hausa ne, shekara talatin da ɗoriya da baki nake cin abinci, kuma wanda ya san ni ya san ba a rufe ni da magana. Kunya ce ta hana ni. Bana kuwa ba ni da wurin ɓuya, domin auren 'yarsa Dije ya tsaya cak a kan kalma ɗaya, kuma ni ne na ba ubanta kalmar.

Ummaru abokina ne tun muna samari. Tare aka tura mu koyarwa wata makarantar sakandare a ƙasar Argungu, shi yana koyar da ilimin halittu, ni ina koyar da Hausa. Gida ɗaya muka zauna kafin mu yi iyali, tukunya ɗaya, fitila ɗaya. Ɗan manoma ne, dogo, mai sanyin murya, ga shi da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi: ba ya iya wuce ciyawa ko ƙwaro bai tsuguna ya duba ba. Tafiyar da za mu yi a minti goma sai ta ci mana rabin sa'a. Ni kuwa a lokacin kaina ya yi girma. An naɗa ni limamin masallacin malamai na cikin makaranta, rawanina yana da tsawo, kuma na yi imani duk faɗin ƙasar Kabi ba wanda ya kai ni sanin Hausa.

A littafin da hukuma ta ba su akwai babin da ke cewa halittu suna sauyawa sannu a hankali, zuriya bayan zuriya, har wani iri ya fito daga wani. Mutanen gari suna kiransa darasin biri. Malaman da suka gabaci Ummaru duk tsallake shi suke yi, su ce wa ɗalibai su karanta a gida. Shi kuwa ya ƙi. Hujjarsa ita ce za a tambayi ɗaliban a jarrabawa, kuma wanda aka ɓoye wa abu yana yaro, ranar da ya gano shi da kansa zai daina yarda da duk wanda ya ɓoye masa, har limaminsa. Ya ce malamin addini ya koya musu abin da Alƙur'ani ya faɗa, shi kuma ya gaya musu abin da masu bincike suka ce da dalilin da ya sa suka ce, kowa ya riƙe amanarsa. Na sha tambayarsa shi kansa ina ya tsaya a kan batun ɗan Adam. Amsarsa ba ta taɓa canzawa ba. Ya yi imani Allah ya halicci Annabi Adamu, yana kuma ganin hujjojin da ke cikin littafin da idonsa, bai san yadda za a haɗa su ba, kuma ba zai yi ƙaryar ya sani ba.

Da Turanci ake koyarwa, amma yawancin ɗalibanmu 'ya'yan masunta ne da manoman shinkafa, Turancin ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan. Don haka Ummaru yakan rubuta kan darasi da Hausa a gefen allo. Wata ranar Lahadi da la'asar, muna zaune a tabarma yana shirya darasin, ya ce da ni, "Bala, ga abin da ni ka so in rubuta: yadda halittu ke sauyawa. Ya yi?"

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce wannan ai Hausar 'yan koyo ce, kan darasi gajere ake yi, ya rubuta "Asalin halittu" kawai. Ya ce shi dai kalmar ta yi masa nauyi a baki. Na ce wa ya fi sanin Hausa tsakanina da shi? Na ce ya tsaya ga ƙwarinsa ya bar mini harshe. Ya yi murmushi ya rubuta.

Ga inda laifina yake, kuma ina so mai karatu ya gane shi da kyau. Na san nauyin kalmar asali fiye da kowa, ni nake koyar da ita. A wurinmu asali ba mafarin abu kawai ba ne. Shi ne mutuncin gida, shi ake bincika kafin a ba mutum aure, kuma in ka ce wa Bahaushe ba shi da asali, gara ka mare shi a kasuwa. Na san duk wannan, amma kalmar ta yi mini daɗi a kunne, ta yi kama da kan littafi, kuma ina so a ga gwanintata.

Ranar Litinin Ummaru ya shiga aji da daro da wani dunƙulen busasshiyar laka da ya haƙo a fadama, don lokacin rani ne. Ya zuba ruwa, aka jira, laka ta saki, sai ga gaiwa ta motsa. Duk ɗan Argungu ya san gaiwa, kifin nan da ke binne kansa a laka idan ruwa ya janye, ya yi watanni a ciki da ransa. Abin da ɗaliban ba su sani ba shi ne tana da huhu, iska take shaƙa. Ya nuna musu yadda take ɗago kai sama. Ya ce masu bincike suna ganin daga irin waɗannan kifaye ne dabbobin tudu masu ƙafa huɗu suka samo tushe, a cikin zamani mai tsawon da hankali ba ya iya ƙirgawa. Kwaɗo ya ambata, da ƙadangare. Bai kai ga mutum ba, an buga ƙararrawa. Amma magana zarar bunu ce. Ɗalibai suka kalli gaiwa, suka kalli abin da ke rubuce a allo, suka haɗa da kansu. Kafin magariba zance ya gama gari cewa malamin makarantar boko ya tara 'ya'yan masunta ya ce musu asalinsu kifi ne.

Mutanen da aka daɗe ana yi wa gorin ƙarnin kifi, yau an ce kifin ne kakansu, kuma an ƙaryata Annabi Adamu a kan haka. Wallahi ko ni ne uba a cikinsu da na zo da sanda. Bayan kwana biyu iyaye suka cika harabar makaranta bayan azahar. Shugaban makaranta ya sa aka fito da bencina ƙarƙashin bishiyar dogonyaro. Mai magana da yawun iyaye wani dattijo ne, Alhaji Mamman, tsohon masunci, mutumin kirki wanda bai zo da niyyar zalunci ba. Ya saurari Ummaru har ya gama, sannan ya juyo gare ni, domin ni ne limami kuma ni ne malamin Hausa.

Ya ce, "Malam, kai ad da Hausa. In anka ce ma mutum asalinai kihi na, an zage shi ko ba a zage shi ba?"

Na ce an zage shi. Wannan gaskiya ce, ba ta dame ni ba.

Ya ce, "To wanda yas san Hausa, shina aza kalma irin wagga bisa kuskure?"

A nan ne ya kamata in miƙe in ce, Alhaji, ga wanda ya san Hausa ya aza ta, ni ne. Mutumin nan cewa ya yi ta yi masa nauyi, ni na tilasta shi. Magana ce da ba ta kai numfashi biyu ba. Amma na dubi fuskokin mutanen, na tuna gobe su ne za su ce limamin makaranta ne ya rubuta wa yara kafirci. Na ga gemun ɗan'uwana ya kama wuta, sai na shafa wa nawa ruwa na bar nasa yana ci. Na ce, "A'a, Alhaji. Wanda ya san Hausa ba zai yi wannan kuskure ba."

Ummaru bai ko kalle ni ba, kuma da ya kalle ni da ya fi mini sauƙi. Ya tashi ya ce shi Musulmi ne ɗan Musulmi, bai taɓa cewa asalin kowa kifi ba ne, amma hannunsa ne ya rubuta abin da ke allo, yana roƙon gafarar duk wanda ransa ya ɓaci. Aka ce to ya yi alkawarin ba zai sake koyar da babin ba. Ya ce wannan kam ba zai iya ba, sai dai a karɓe ajin. Aka karɓe.

Abin da ya biyo baya ya fi taron muni, don shi a hankali ya riƙa zuwa. Aka laƙaba masa suna Asalin Kifi. Mai nama ya daina yi masa gyara, masu gaisuwa suka koma ɗaga hannu daga nesa. A masallacinmu na makaranta, idan ya tsaya a sahu, sai na kusa da shi ya ɗan matsa. Ni ne limami. Nakan juyo in ce a daidaita sahu, a toshe ɓaraka, in ga ɓarakar da ke damansa da wadda ke hagunsa da idona, in juya in ɗaga hannu in kabbara. Wata huɗu ina yin haka, sau biyar a yini. A cikin waɗannan watanni aka haifi Dije, kuma ranar suna ana iya ƙirga waɗanda suka zo da yatsun hannu. Da shekara ta ƙare ya ajiye aikin, ya kwashe iyalinsa ya koma Gulma noman shinkafa.

Shekara goma sha uku ya yi a duniya bayan haka. Ni aka ƙara mini girma, aka mayar da ni Birnin Kebbi. Duk lokacin da ya shigo birni sai ya biyo ta gidana, mu ci tuwo, mu yi hirar damina da ciwon gwiwa. Ko sau ɗaya bai tayar da zancen ba, ni kuma na mayar da shirunsa matashin kai na kwanta. Har nakan ce wa kaina wataƙila ya manta wa ya ba shi kalmar. Dubi wauta! Mutumin da ke tuna launin fiffiken ƙwaron da ya gani shekara goma baya.

A gona ma bai daina koyarwa ba, allo kawai ya rasa. Na taɓa ziyartarsa lokacin girbi na tarar da shi yana bin kunya-kunya da zare a hannu, yana ɗaure zangarniyar da ta tsaya bayan ambaliya ta kwantar da sauran. Waɗannan yake warewa iri. Shekara bayan shekara yana zaɓe, har ya sami shinkafar da ba ta saurin mutuwa idan ruwa ya sha kanta. Manoma suka riƙa zuwa roƙon iri, ciki har da waɗanda suka zo taron nan da sanda. Ya ce da ni yana dariya, "Ka gani, Bala? Kowa na son darasin in cikin buhu anka ba shi." Na yi dariyar yaƙe na canza zance.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Babin yana nan cikin littafi, kuma wata malama matashiya da ke koyarwa a nan birni ta gaya mini har yanzu da yawansu tsallake shi suke yi, don ba mai son abin da zai tara masa jama'a a ƙofar aji. Sai dai yanzu ba a iya ɓoye wa ɗalibi komai. Yana fita makaranta zai buɗe waya, ya ji wani yana cewa duk wanda ya karanta babin ya bar addini, ya gangara ƙasa ya ji wani yana cewa duk wanda bai yarda da shi ba jahili ne. Kowa ihu yake yi, ba wanda zai kawo daro ya zuba ruwa ya ce ku matso ku duba. Ina jin wannan zai ɓata masa rai, domin abin da ya ji tsoro ke nan tun farko, a bar yara su tsinci maganar a bakin masu faɗa.

Amma akwai abin da zai ba shi dariya. Kwanaki a fadamar Zauro na ji manoma suna ƙorafi cewa ciyawa ta waye, maganin da ke kashe ta da yanzu sai ta sha ta yi ƙiba. A gidajenmu ma haka ake cewa sauron bana ya saba da magani. Da yana nan da ya tsuguna ya ce ba sabawa ba ce, masu rauni ne suka mutu, masu tauri suka rage suka hayayyafa. Wannan kam na gani da idona, ba na musu. Batun ɗan Adam kuwa ina nan inda nake, na yi imani da abin da Littafi ya faɗa, kuma ban zo jarida don in yanke wa malamai hukunci ba. Abin da na sani shi ne ba wanda imaninsa ya ƙaru da ƙwayar zarra don an kori Ummaru daga aji. An dai yi asarar malami, kuma ni na sa hannu.

Yanzu ga abin da ya fito da ni. Dije ta girma, ta yi karatun ungozoma, tana aiki a wani asibiti. Wani yaron kirki ɗan Birnin Kebbi ya nemi aurenta, suna son juna. Kamar yadda aka saba, danginsa suka shiga bincike. Watan jiya baffan yaron, Alhaji Sani mai fataucin albasa, ya yi sallama a ƙofar gidana da safe, don an gaya masa ni ne aminin marigayi. Bayan gaisuwa ya ce sun yaba da yarinya, ba su sami abin kushewa ba, sai abu guda. An ce musu ubanta ya taɓa fita addini, har ana kiransa da wani suna, kuma tsofaffin gidansu sun ce ba za su haɗa zuriya da gidan da ake shakkar asalinsa ba. Kun ji kalmar ta sake dawowa, bayan shekara ashirin da biyar, ta sami jaririyar da aka haifa a cikin rikicin.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na gaya masa komai, tun daga tabarmar ranar Lahadi har amsar da na ba Alhaji Mamman. Ina magana kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Alhaji Sani ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Malam, ni na yarda. Amma a gaban jama'a anka ɓata sunan mutumin ga, ba cikin zaure ba. In ka hwaɗi hakanga inda kowa ka ji, mu mun gamsu."

To ga shi na faɗa inda kowa zai ji. Ni Bala, wanda ya ja ku salla a masallacin makaranta, ni na ba Ummaru kalmar asali, shi bai so ta ba. Bai taɓa cewa asalin wani ɗan Adam kifi ba ne. Na zauna da shi gida ɗaya, ban taɓa riga shi tashi sallar asuba ba. Duk wanda ya matsa daga gefensa a sahu, da ganina ya matsa, kuma alhakin yana wuyana kafin nasa. Waɗanda suka kira shi da sunan nan, da yawa sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya gafarta musu, abin da suka ji suka ɗauka. Waɗanda ke raye ina roƙonsu su bar shi haka nan.

Idan aka auna abin da ya bari, ba shi da yawa a ido. Bai bar littafi ba, bai bar gini ba. Ya bar irin shinkafar da har yau a wajen Gulma ake ce wa ta Malam, waɗanda ke shuka ta ma ba duka suka san wane malami ba ne. Ya bar tsofaffin ɗalibai, wasu likitoci wasu masunta, da in an ambaci gaiwa sai su yi murmushi. Ya kuma bar 'ya'ya huɗu masu kunya da gaskiya. Allah ya sanyaya masa makwanci, ya sa ya tarar da amsar tambayar da ya ƙi yin ƙarya a kanta.

Kafin in miƙa wannan rubutu na ga bai dace iyalinsa su fara jin labarin a jarida ba. Ranar Asabar na shiga mota na tafi Gulma. Na tarar da mahaifiyar Dije a tsakar gida tana sheƙar shinkafa, Dije kuma ta zo hutun mako. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda take yi tun tana ƙarama, ta kawo mini ruwa. Na ajiye shi gefe. Na fara bayani, ina tsammanin kuka, ko a nuna mini ƙofa, kuma da an yi haka da ban ga laifin kowa ba. Ban kai rabi ba na lura ba wadda fuskarta ta canza. Uwar ta ci gaba da sheƙarta.

Dije ta ce, "Baffa, ai mun sani. Baba ya hwaɗa muna tun kahin ya kwanta ciwo."

Na ce, kun sani, kuma duk shekarun nan kuke zuwa gaishe ni da salla, kuna durƙusa mini?

Ta ce, "Shi yac ce kada mu bari. Ya ce tsoro na yak kama ku, ba mugunta ba, kuma duk randa tsoron yas sake ku, da ƙahwarku za ku zo." Ta sunkuyar da kai, ta gyara mayafinta, sannan ta ƙara a hankali, "Sai dai, Baffa, kun daɗe."